Shekara 9 da aure ban san albashin mijina ba, shi ma bai san ina da fili ba

Anti Binta (admin):
Slm jama'a barkanmu da dare. Wata 'yar uwa ce ta turo min wannan ta ce a sakaya sunanta, don Allah a ba ta shawara cikin mutunci, wanda ya san zagi ne ya kawo shi ya wuce abinsa. Ga saƙon yadda ta turo:

"Anti ina wuni. Ni dai abin ya ishe ni ne shi ya sa na ce bari in kawo zaure. Shekararmu 9 da aure, yara 3, muna haya a Unguwar Dosa. Maigidana ma'aikacin gwamnati ne kuma wlh ba zan yi masa ƙarya ba bai taɓa barin mu da yunwa ba, in wata ya yi zai sauke shinkafa da masara da taliya da mai, kullum da safe ya ajiye dubu 3 ta cefane a kan firij ya fita. Amma tunda aka kawo ni gidan nan ban san nawa yake ɗauka ba, in na tambaya sai ya ce da me aka rage ki. To ran Laraba ya shiga wanka ya bar waya a caji sai saƙo ya faɗo na gani a kan allo, wai ana tuna masa ranar biyan bashi, ashe irin bashin nan ne na manhajar waya. Ban yi niyyar bincike ba amma hannuna ya riga ni. Na ga akwai na kofaretib ɗin ofishinsu da ake yanka tun daga albashi, ga dubu 40 da yake tura wa Hajiyarsu da ƙaninsa mai karatu a Zariya duk wata. Abin da ke shigo masa bayan an gama yanka bai kai rabin abin da nake zato ba. Ni kuma duk shekarun nan kallon marowaci nake masa, har gori na yi masa da ƙaramar sallah a kan atamfa.

Matsalar ita ce ni ma ba wankakkiya ba ce. Ina saida turaren wuta da humra da kayan kicin a WhatsApp, ina zubin adashe biyu, bara na kwashi ɗaya na haɗa da kuɗin sarƙata na sayi rabin fuloti a Rigachikun, takardun na wajen yayana, maigidan bai sani ba. Yau kwana 4 barci ya gagare ni. In na ce na ga bashin zai ce na bincika masa waya, in na ɗauko kuɗi na ba shi zai ce ina na samu, in na yi shiru kuma bawan Allah yana ramewa a gabana. Ya zan yi?"

Usy Rigasa:
Laifinki na farko buɗe masa waya. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, da kin bar wayar a inda take da yanzu kina ta minshari abinki.

Maman Ilham:
Kai Usy daga zuwa, duk abin da baiwar Allah ta rubuta wayar kawai ka gani? Da ba ta gani ba ai sai ranar da masu bashin suka fara kiran lambobin da ke wayarsa suna cewa ɓarawo ne, don haka suke yi, maƙwabcinmu har surukinsa suka kira. Gara da ta gani.

Usy Rigasa:
Maman Ilham ni ban ce ɓoye bashi daidai ne ba, amma ke ma in Baban Ilham ya ɗau wayarki ya karanta hirarki da ƙawayenki ai sai an kira waliyyai.

Abu Sadiq Kawo:
Bari in yi magana a madadin maza tunda na san yanzu za a taso mu a gaba. Ba wai raini ne ke sa mu ƙi faɗin albashi ba. Mace in ka ce mata dubu 150 kake ɗauka to dubu 150 ɗin za ta riƙe a kanta, ba ruwanta da fansho da ake cira, ba ruwanta da kofaretib, ba ruwanta da cewa kai ne babba a gidanku kuma duk wanda ciwon kai ya kama a dangi lambarka zai kira. Daga ranar lissafinta ya fara, an cire cefane saura kaza, ina sauran? Sai ka koma mai ba da bahasi a gidanka. Kuma ku duba halin da ake ciki, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya tashi, ni da nake zuwa aiki daga Kawo zuwa Kakuri na ajiye mota na koma bas, wani lokacin daga Kasuwa in taka da ƙafa. An ce an ƙara mafi ƙarancin albashi, tarayya dubu 70, jihar nan ta Kaduna dubu 72, to a kai wannan kuɗin Kasuwar Barci a ga buhu nawa zai ɗauko. Namiji yana jin kunyar matarsa ta san ya gaza, wannan ita ce gaskiyar da ba ma faɗa. Gara ta ce masa marowaci da ta ce masa matsiyaci.

Maman Ilham:
To Baban Sadiq ai ka faɗa da bakinka, kunya ce. Kunyar nan ce ta sa baiwar Allah ta yi shekara 9 tana zaginsa a zuci a kan laifin da bai yi ba. Wa ya ci riba?

Hajiya Ladi U/Rimi:
Ke 'yata saurara ki ji. Maganar bashi ki san yadda za ki yi da ita, amma fili KAR KI FAƊA. Na maimaita kar ki faɗa. Ni da kike gani na yi wannan wautar. Muna zaune a haya ina ɗinki ina saida zannuwan gado, na tara na tara, Alhaji ya fara gini ya tsaya a linta, na tausaya na kwashe duk abin da na mallaka har da 'yan kunnen da uwata ta bar min na ba shi aka yi rufi aka sa ƙofofi. Babu rubutu babu shaida, ai miji ne. Wata 7 da tarewarmu aka kawo amarya, kuma ɗakin da ya fi girma wanda na zaɓi tayil ɗinsa da hannuna a can aka jera mata. Ban hana shi aure ba, halal ne, amma da na yi maganar kuɗina cewa ya yi ai taimako kika yi Allah ya ba da lada. Yau shekara 16 ladan nake jira. Namiji ba ɗan goyo ba ne, abinki shi ne naki.

Zee Malali:
Innalillahi. Hajiya wlh kin sa na fasa auren ma gaba ɗaya

Abu Sadiq Kawo:
Hajiya Allah ya huci zuciyarki, abin da aka miki ba daidai ba ne, amma kar laifin mutum ɗaya ya shafi kowa. Wannan mijin nata uwarsa yake ciyarwa ba budurwa ba.

Hajiya Ladi U/Rimi:
Nawa ma a lokacin uwarsa yake ciyarwa ɗana.

Malam Sani T/Wada:
Assalamu alaikum. Akwai abubuwa da aka cakuɗa, bari a raba su. Ciyarwa da tufatarwa da wurin zama a kan miji suke ko da matar ta fi shi kuɗi, kuma gwargwadon ƙarfinsa ne, aya ta 7 a Suratuɗ Ɗalaƙ ta ce mai yalwa ya ciyar daga yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa arziki ya ciyar daga abin da Allah ya ba shi. To yaya mace za ta yi wa miji uzuri da ƙunci alhali ba ta san yana cikin ƙuncin ba? Nan ne maza muke cutar kanmu. Dukiyar mace kuwa tata ce, sadakinta da gadonta da ribar sana'arta, miji ba shi da ikon taɓawa sai da daɗin ranta, don haka filin nan halalinta ne ba sata ta yi ba. Amma in ta taimaka masa tana da lada biyu, kamar yadda ya zo a hadisin Zainab matar Abdullahi ɗan Mas'ud da ta tambaya ko za ta iya ba mijinta da marayun da ke hannunta sadaka, aka ce tana da ladan zumunci da ladan sadaka.

Abin da ya sami Hajiya Ladi kuma maganinsa na cikin aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, ayar bashi. An ce a rubuta a kafa shaidu. Ba a ce banda miji da mata ba. Mu ne muka mayar da rubutu rashin yarda. In kyauta ce ki ce kyauta, in rance ne a rubuta rance da ranar biya, shi kenan babu mai jiran lada shekara 16. Sannan bashin manhajar nan mai ruwa riba ce, shi ya fi kamata a fara kashewa tun kafin a zo maganar waye ya ɓoye me.

Usy Rigasa:
Malam to binciken wayar fa, a faɗi hukuncinsa mana kar a tsallake

Malam Sani T/Wada:
An hana tajassusi wato bin diddigin sirrin mutum, ta nemi gafara ta kuma nemi yafiyarsa. Ka samu abin da kake so Usman?

Mama Rifkatu Barnawa:
Ni Kirista ce amma ina zauren nan tun tuni, bari in sa baki. Mu kafin aure a coci ana zaunar da ku a yi ta maganar kuɗi, har fasto ya tambaye ku wa ke da bashi. Ni nas ce maigidana malamin sakandare, shekara 22 yanzu. Da farko mun yi asusu ɗaya na haɗin gwiwa komai a ciki, wlh bai yi ba, don duk alat ɗin da ya shigo sai an yi magana, na sayi man kitso ya gani, ya tura wa ƙanwarsa a Kafanchan na gani, kullum fuska a ɗaure. Daga baya muka raba uku. Akwai na gida wanda kowa ke zuba rabonsa ranar da albashi ya shigo, daga nan ake biyan makaranta da haya da wuta da abinci. Sai nasa, sai nawa, kuma ba mai tambayar wani me ka yi da naka. Doka ɗaya ce, ba mai cin bashi ko sayen babban abu kamar fili ko mota bai faɗa wa ɗan uwansa ba. Faɗa fa na ce ba neman izini ba. Na san tsarinku ya bambanta tunda ku miji ne ke da nauyin gida, amma dokar bashin nan ina ga ba ruwanta da addini, don ranar da mutum ya faɗi masu bin bashi ƙofar matarsa za su buga.

Maman Ilham:
Mama Rifkatu Allah ya biya ki, faɗa ba neman izini ba, wannan kalmar na ɗauka.

Baba Ɗanjuma Kakuri:
Yarana ku bar ni in ba ku labari, jikata ce ke rubuta min. Na yi shekara 24 a masaƙa a nan Kakuri lokacin da in aka tashi aiki kekuna ke cika titi har ba wurin taka ƙafa. A lokacin ranar albashi a ambulan ake ba mu, ina zuwa gida in sa shi a ƙarƙashin katifa in zaro na cefane in miƙa, marigayiya ba ta taɓa tambaya ba ni ma ban taɓa faɗa ba, haka muka ga iyayenmu. Da masaƙu suka fara durƙushewa aka rufe tamu, wata 3 cur ina saka kayan aiki da safe in ɗau keke in fita kamar mai zuwa aiki, in je in zauna gindin wata bishiyar mangwaro wajen layin dogo har la'asar in dawo. Kunya. Ina cin bashi wajen mai shago ina kawo cefane. Ranar da mai shagon ya aiko yaronsa gida da littafi ba na nan, da na dawo na same ta zaune a tabarma ta ajiye wata tsohuwar kwalla a gabanta, ta buɗe, kuɗi ne a ƙudundune cikin leda da tsumma, na ƙuli-ƙuli da take yi shekara da shekaru ina mata dariya. Ta ce Malam tun satin farko na sani, matar abokin aikinka ta faɗa min, jira nake ka faɗa da bakinka. Kuɗin nan su suka biya mai shago suka sai min injin markaɗe wanda da shi na aurar da 'ya'ya 4. Abin da har yau yake damuna ba rufe masaƙar ba ne, wata ukun nan ne da ta riƙa zuba min ruwan wanka da asuba tana min a dawo lafiya alhali ta san gindin mangwaro za ni.

Zee Malali:
Baba ka sa ni kuka wlh. Allah ya jiƙan Mama. Na dawo da maganar auren

Hajiya Ladi U/Rimi:
Allah ya jiƙanta. Amma Malam Ɗanjuma ka lura da abu ɗaya, da ta nuna maka kwallar tun farko da ba ta kai ranar ba.

Baba Ɗanjuma Kakuri:
Hajiya wannan kuma ban musa ba, da na ranta na sai rediyo.

Nafisa (ma'aikaciyar banki):
Ni ta wani ɓangaren zan zo, abin da nake gani a wurin aiki. Babu watan da zai wuce mace ba ta zo da hijabin takaba ko ta gama takaba da katin ATM ɗin mijinta a hannu ba, ba ta san lambar sirri ba, ba ta san ko asusu nawa yake da su ba, wata ma sai a wajenmu take jin akwai bashi a kansa. Kuma mutane ku gane, don an rubuta sunanki a matsayin magaji a fom ɗin buɗe asusu ba shi ke nufin za a miƙa miki kuɗin ba, wannan sunan wanda za a tuntuɓa ne kawai. Sai an kawo takardar shaidar rasuwa da takardun kotu na rabon gado kafin banki ya saki ko sisi, abin da kan ɗau watanni, yara kuma ba za su daina cin abinci su jira kotu ba. Sannan kafin a raba gado sai an biya bashi, bayan nan matar da mijinta ya bar 'ya'ya tumuni ne nata wato kashi 1 cikin 8, in su huɗu ne ma shi za su raba. Don haka masu cewa mace ta nemi nata ba su yi ƙarya ba.

Amma 'yar uwa mai fili ke ma abin ya shafe ki. Takardu na wajen yayanki, da sunan wa aka rubuta? In da sunansa ne to a idon hukuma filinsa ne, yau in ta Allah ta kasance a kansa cikin gadonsa za a lissafa, matarsa da 'ya'yansa ba su san zancen ba. In ke ce kika riga shi kuma mijinki da yaranki ba su san da shi ba balle su nema. Kina gudun miji kar ki faɗa hannun dangi. Ki karɓo takardar cinikin ki tabbatar sunanki ne da shaidu, ki je KADGIS, hukumar filaye ta Jihar Kaduna, ki bincika matsayin wurin ki fara neman takardar mallaka, don filayen gefen gari an sha sayar da guda ɗaya wa mutum uku.

Abu Sadiq Kawo:
Wannan magana ta Nafisa ta taɓa ni gsky. Madam ba ta san fin ɗin ATM ɗina ba.

Maman Ilham:
Ka ga irinta ko. Amma ku ma kuna da abin faɗa a kanmu, lokacin canjin kuɗi farkon 2023 ai asirinmu ya tonu, mata aka riƙa fito da tsofaffin dubu-dubu daga cikin filo da robar fenti da ƙasan adaka ana roƙon maigida ya kai banki kafin wa'adi. Baban Ilham da ya ga nawa zama ya yi a bakin gado ya ce dama ke ce Ɗangoten gidan nan nake cin bashin kati a waje

Usy Rigasa:
Ai shi ne. Kuna da kuɗi amma gishirin naira 100 sai an jira maigida ya dawo daga masallaci. Ga anko, biki ɗaya kala uku, na kamu daban na ɗaurin aure daban na walima daban, ga gudunmawa ga kuɗin mai kwalliya, duk wata akwai bikin 'yar ƙawar maƙwabciyar yaya. In ka ce babu a ce ka kunyata ta cikin mata.

Maman Ilham:
Usy kar ka sa in buɗe naku. Wa ke zama majalisa ya ci tsire da shayi da indomi da ƙwai uku ya shigo gida yana goge baki ya ce yau gari ba daɗi a yi haƙuri da miyar kuka? Wa ke zuba kuɗi a cacar ƙwallo? Wa MMM ta kwashe a 2016 kuma har yau in aka ce ga sabon dandali mai ninka kuɗi a wata ɗaya su ne a layin gaba ba tare da matar gida ta sani ba?

Usy Rigasa:
MMM kam har da mata a ciki kar ki ma fara

Anti Binta (admin):
Ku dawo kan maganar baiwar Allah don Allah, ba wasan maza da mata muka buɗe ba.

Ummu Aiman Badarawa:
Ni ban iya dogon wa'azi ba, abin da na gwada zan faɗa. Kar ki fara da nasa, fara da naki. In kika fara da na ga saƙo a wayarka to shari'ar waya za a yi har asuba ba za a taɓa zuwa kan bashin ba. Ki bari ya ci ya ƙoshi yara sun yi barci, ba ranar da ya dawo a gajiye ba kuma ba ƙarshen wata ba lokacin da aljihu ya bushe, ki ce Abban wane akwai abin da na ɓoye maka yana damuna. Ki faɗi adashen ki faɗi filin. Zai yi fushi, ki bar shi ya yi. In ya sauko sai ki ce ni ma na san akwai nauyin da kake ɗauke da shi kai kaɗai, ki faɗi gaskiyar yadda kika gani ki ba shi haƙuri. Wanda ya fara tuɓe hularsa shi ke da bakin cewa ɗan uwansa ya tuɓe.

Mu abin da ya gyara mu littafi ne na naira 200 irin na 'yan makaranta. Duk wata in albashi ya shigo mu zauna a rubuta, haya a raba ta 12 a ware, kuɗin makaranta a raba ta wata huɗu-huɗu tunda zango uku ne, gas, katin mita, 'yan garuwa, na Hajiya, na asibiti ko da dubu 2 ne. Watan farko da na ga lissafin da idona ni da kaina na ce a cire yaran daga lesin ɗin yamma in riƙa yi musu, na daina sayen kayan miya na kullum na koma sayen kwando in an samu sauƙi a busar. Da ina ganin kamar yana da rumbu ne a ofis yana hana ni. Kuma kar ki taɓa kuɗin Hajiyarsa a lissafin, ko da wasa kar ki ce a rage, in za a rage shi zai faɗa da bakinsa.

Hajiya Ladi U/Rimi:
Ummu Aiman kin yi magana mai kyau amma ni dai ina nan kan bakana. In ma za ta faɗa to ta fara mayar da takardu sunanta tukuna, kuma ko naira ta ba shi a rubuta kamar yadda Malam ya ce, da sa hannun mutum biyu ba 'yan uwansa ba.

Malam Sani T/Wada:
A kan wannan ni da Hajiya mun haɗu.

Anti Binta (admin):
Jama'a mai saƙon ranar Lahadi ta dawo, ga abin da ta ce:

"Anti na gode wa kowa, na karanta duka har na Usy. Na bi shawarar Ummu Aiman daren Talata. Da na faɗi filin bai ce komai ba ya daɗe yana kallon bango, sai ya ce wa ya sani, na ce Yaya. Wlh Anti filin bai dame shi ba kamar wannan, cewa ya yi wato yayanki yana gaishe ni a ɗaurin aure yana min kallon wanda matarsa ba ta yarda da shi ba. Ya tashi ya fita tsakar gida ya kai awa ɗaya. Da ya dawo ban ma kai ga maganar waya ba shi ya fara, ya buɗe jakarsa ya ciro takardar albashi ya ajiye min a cinya ya ce tunda yau ranar tonon asiri ce ga nawa. Ashe bashin kofaretib ɗin na aikin da aka yi min ne lokacin haihuwar auta, ni ina ta cewa 'yan uwansa ne suka haɗa don haka ya ce min a lokacin. Na wayar kuma dubu 85 ne ya ci don kuɗin makarantar yara na zangon nan, da ruwansa ya haura dubu 100. Na yi kuka na faɗa masa na riga na gani, ya ce ya sani, don na mayar da wayar caji a juye.

Na ce a sayar da filin ya ce ko kusa, na yara ne a bar shi. Adashena na biyu kwasata ƙarshen watan nan ce, na ce zan biya na wayar, da ƙyar ya yarda amma ya ce rance ne, shi da kansa ya yago takarda daga littafin Aiman ɗina ya rubuta zai riƙa ba ni dubu 10 duk wata. Shaidu ne ba mu samu ba don ya ce ba mai jin wannan maganar a waje. Har yanzu dai bai sake da ni sosai ba, jiya a falo ya kwana wai zafi, kuma ya ce ranar Asabar tare za mu je wajen Yaya a karɓo takardu, ni wannan tafiyar ce ma take ba ni tsoro don na san halin su biyun."

Hajiya Ladi U/Rimi:
Takarda ba shaidu? Ki ɗau hotonta a waya ki tura wa kanki ta imel, ki ɓoye asalin a inda ba gidan ba. Kuma ranar Asabar ke za ki riƙe takardun filin a jakarki ba shi ba.

Abu Sadiq Kawo:
Hajiya mutumin nan fa ya ci bashi ne don a ceto ranta a asibiti bai ko faɗa ba, a ɗan sassauta masa mana.

Hajiya Ladi U/Rimi:
Na ji kuma ya burge ni, Allah ya yi masa albarka. Ta ɗau hoton dai.

Usy Rigasa:
Ni abin da na fahimta a duk labarin nan shi ne in za ka binciki waya ka mayar da ita yadda ka same ta

Nafisa (ma'aikaciyar banki):
In kun biya na wayar ku tabbatar an turo shaidar an rufe bashin ku ajiye, sannan ya goge manhajar ya cire mata izinin shiga lambobinsa. Kuma ku biya kafin ranar ta cika don tarar makara kullum ake ɗora ta.

Ummu Aiman Badarawa:
'Yar uwa ashe ke ma Aiman gare ki. Maganar Asabar, ki kira Yaya tun yau ki faɗa masa kin gaya wa maigidan da kanki, kar ya ji daga sama ya fara kare kansa. Ki sayi goro ko lemo ku riƙe, kuma ki ja matar Yaya ku shige ɗaki ku bar su su biyu a falo.

Abu Sadiq Kawo:
Ni dai daren jiya na rubuta wa madam fin ɗina da sunayen bankunan a takarda na sa a cikin Alƙur'aninta. Albashin ne dai ban kai ga faɗa ba tukuna, a bi ni a hankali.

Maman Ilham:
Baban Sadiq tana da fin tana da kati, kana ganin sai ka faɗa? Akwai mai POS a bakin layinku ai